Rabin Tsumman Batulu Mai Daudawa

A Gidan Sori ba a wahalar yi wa baƙo kwatancen gidan Batulu. Ce masa ake yi ya nufi yamma har rijiyar siminti, daga nan warin daudawar batso zai ƙarasa da shi. Gidan ne na ƙarshe kafin gonaki: ɗaki biyu na ƙasa, rumfar kara, murhu uku a jere, da awaki biyu ɗaure a gindin bedi. Ita kaɗai ce a ciki.

Katin ɗan ƙasarta ya ce an haife ta wajen 1958. Wanda ya rubuta katin duban fuskarta ya yi ya kintata, ita kuwa ba ta musa ba. Ta haifi biyar, biyu suka rayu. Lurwanu yana tuƙin babbar mota tsakanin Agadas da Arlit, yakan kira ta a salula ranar sallah. Rufaida tana aure a Damagaram, malamar lakol ce, wato makarantar boko, kuma tun tana ƙarama ta rantse ba za ta yi sana'ar da ke bin mutum har cikin gashin kai ba. Mijin Batulu, Hambali, ya rasu a daminar 2011. Tun daga nan ba ta sake tuƙa tuwon mutum biyu ba.

Ba wai mutane ba sa sonta ba ne. Da wuya a samu gidan da ba a kaɗa miya da daudawarta a garin. Amma masu saye a bakin ƙofa suke tsayawa, su miƙo kwano, su gaisa a tsaye, su wuce. A gidan biki ko suna, in ta zauna a tabarma, matan da ke kusa sukan tuna wani aiki da suka bari a madafa. Ba ta taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. Zuwan kawai ta rage.

Aikinta na kwana shida ne, kuma ba ta taɓa sauya tsarinsa ba. Ta sheƙe gurguzu, wato ƙwayar yakuwa, ta tsince tsakuwa, ta wanke. Ta ɗora tukunya da fitowar rana, ta zuba ruwan toka, ta yi ta iza wuta har gab da magariba, sai ƙwayar ta yi laushin da yatsa biyu za su murje ta. Ta tsiyaye ruwan, ta juye a tukunyar ƙasa, ta rufe kwana biyu. Ta daka a turmi, ta mayar, ta sake rufewa wasu kwana biyun. Sannan ta cura, ta shanya a faifai. Kusan duk mai daudawa haka take yi. Abin da ya raba Batulu da saura shi ne abin rufi. Wasu da buhu suke rufe tukunya, wasu da ganye. Ita da wani tsumma take rufewa, tsohon saƙi da ya yi baƙi ƙirin, wanda aka yi ta yi wa faci har zaren asali bai fi tafin hannu ba. Ba a sa masa sabulu. Shanya shi ake yi a rana, a linke, a ajiye a ƙwarya. A gidansu Tsohuwa ake kiransa. Daga kakarsu ya zo hannun uwarsu Mariyama, daga Mariyama ya zo hannun Batulu.

Gefe uku na tsumman a kalmashe suke da ɗinki. Gefe na huɗu yankan reza ne, shekara arba'in ba a kalmashe shi ba. Ga yadda aka yi.

A shekarar yunwa ta 1984 Mariyama ta rasu, ta bar ɗiya biyu mata: Batulu, da ƙanwarta Auta, wadda shekara bakwai ce tsakaninsu. Bayan sadakar arba'in, mijin Auta, Idi, ya ce ba zai zauna ya ga iyalinsa sun bi gero ƙasa ba, gabas zai yi, in ta kama ya tsallaka iyaka. Auta ta zo ta durƙusa ta roƙi yayarta ta yanko mata ko da tafin hannu na Tsohuwa, don ta samu sana'ar riƙewa a baƙon wuri. Batulu ta hana. Ta ce ita babba Inna ta bar wa, kuma ba a taɓa raba ta ba. Ranar tafiya da hantsi Batulu ta je rijiya, ta dawo ta tarar da ƙwarya a buɗe, tsumman ya koma rabi, reza a ƙasa. Ta fita da gudu ba mayafi. Ta cim ma amalanken da ya ɗauke su a bakin gari, inda jama'a suka taru rakiya, ta ɗaga murya a gaban kowa ta ce wa ƙanwarta ɓarauniya. Auta tana zaune a kan kaya, ta ba gari baya. Ba ta waiwayo ba.

Daga ranar ba labari. Wani ya ce ya ga Idi a Jibiya, wani ya ce a Kano. Sau biyu Batulu ta sa an aika sanarwa gidan rediyo a Maradi, a 1991 da 2003, ba amsa. Da shekaru suka ja, fushin ya tafi, ta daina ma tunanin rabin tsumman. Kalmar ce ta rage. A gaban mutane ta faɗe ta, kuma abin da take roƙo bayan kowace salla shi ne kada ta mutu ba ta janye ta ba.

A watan Nuwamba na 2022 wata mata ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar gidan, da akwatin sanyi rataye a kafaɗa. Ba ta tsaya a bakin ƙofa ba. Sallama ta yi, ta shigo har rumfa, ta zauna a kan turmin da ke kife. Ta ce sunanta Nazira, daga jami'a take a Maradi, tana zagaya masu daudawa daga Gidan Rumji har Gazawa, tana ɗibar ɗan kaɗan a wurin kowace don ta binciki ƙwayoyin cutar da ke ciki.

Batulu ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Mi kika ce akwai ciki?"

"Ƙwayoyin cuta, Inna. Wato..."

"Shekara arba'in garin ga yana cin daudawata. Faɗa mini wanda ya kwanta."

Nazira ta yi dariyar kunya, ta ba da haƙuri. Ta ce laifin sunan ne. Likitoci ne suka fara saba da waɗannan halittu, kuma da miyagunsu suka fara haɗuwa, sai sunan cuta ya bi har waɗanda ba ruwansu. Ta ce abubuwa ne masu rai, ƙanana har dubbansu za su zauna a tsinin allura. Kowace ɗaya ƙwaya guda ce tak, ba kai ba ƙafa, ba mace ba namiji. In za ta haihu, tsagewa take yi gida biyu, biyun su zama huɗu. Su ne suke cin dafaffen gurguzu su mayar da shi daudawa, warin ma nasu ne. In wuri ya bushe sai su duƙunƙune cikin ɓawo su yi barci, ko shekara nawa, har su sake jin danshi da ɗumi.

Batulu ta tashi ta ɗauko ƙwarya, ta buɗe, ta tambaya ko a cikin irin wannan ma sukan yi barcin. Nazira ta duba tsumman da kyau, ta ce in akwai inda za su fi son kwana, to nan ne. Ta zaro ɗan almakashi don ta ciri zare. Batulu ta janye ƙwaryar har ƙirjinta. A ƙarshe suka daidaita a kan auduga: Nazira ta goga ta a tsumman, ta sa a kwalba, ta gutsiri daudawa ta sa a wata. Batulu ta dangwala yatsa a takarda. Nazira ta yi alkawari biyu: ba za ta ba kowa sunanta ba, lamba za ta sa a maimakonsa, kuma in aikin ya fito za ta dawo ta nuna mata. Ta sha furar da aka dama mata har ƙasan ƙwarya kafin ta tafi. Batulu ta daɗe tana tuna wannan.

Bayan tafiyarta wani abu ya ɗan sauya a gidan. In Batulu za ta rufe tukunya takan ce a hankali, to, ku tashi, ga abinci. Ta san ba ji suke ba. Amma dai tun rasuwar Hambali ba ta yi tunanin akwai mai rai a gidan ban da ita da awaki ba.

Wata goma sha biyar aka yi. A tsakiyar Fabrairu na 2024 Nazira ta dawo da babbar takarda a naɗe. Ta shimfiɗa ta a tabarma, ta danne kusurwoyi da duwatsu. Zane ne kamar bishiyar da iska ta kayar, saiwa a hagu, rassa suna ta rarrabuwa zuwa dama, kowane reshe da lamba a bakinsa. Sittin da biyu ne.

Ta yi bayani sannu a hankali. A cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon rubutu da masana ke kira ADN, baƙaƙe huɗu ne kawai ake ta jerawa, amma jerin ya kai miliyan huɗu. Duk lokacin da ƙwaya za ta tsage biyu sai ta kwafe rubutun, kowane ɓangare ya tafi da nasa. Jefi-jefi akan yi kuskuren baƙi ɗaya wajen kwafi, kuma kuskuren ba ya gogewa, duk zuriyar wannan ƙwaya da shi za su tashi. Don haka in na'ura ta karanta rubutun ƙwayoyi biyu aka ga kurakuransu iri ɗaya ne, an san uwa ɗaya suka fito. In bambancin ya yi yawa, rabuwarsu ta daɗe. In kaɗan ne, jiya-jiya suka rabu.

Batulu ta shafa tsagar Gobir da ke kumatunta. Ta ce ashe su ma suna da tsagar gado. Nazira ta ce ba ta taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai haka ba.

Sai ta nuna mata nata. Masu daudawar Gidan Rumji da Tibiri a cunkushe suke a sama, rassansu gajeru, kusa da juna, don kasuwa ɗaya suke sayen gurguzu da buhuna. Na Batulu ba ya cikinsu. Can ƙasa yake, dogon reshe siriri da ya rabu da saura tun kusa da gindi, ya yi ta tafiya shi kaɗai har bakin takarda. Batulu ta bi shi da yatsa, ta ce ai kuwa wannan nata ne, ko ba a faɗa ba. Amma dab da ƙarshe yatsanta ya tsaya. Reshen ya tsage biyu, ɗan ƙaramin tsagi kamar bakin tsinke. Lamba biyu ce a wurin.

Nazira ta ce ta sama GS-3, ita ce Batulu. Ta ƙasa GZ-11. A cikin baƙaƙe miliyan huɗu, goma sha tara kacal suka bambanta. Har malaminta ya ce kwalabe ta haɗa, ta sake aikin daga farko, abin ya sake fitowa haka.

Batulu ta tambayi ma'anar baƙaƙen. Aka ce mata GS Gidan Sori ne, GZ kuwa Gazawa.

"Wace ce?"

"Inna, alkawarin da na yi miki shi na yi mata."

"Tana da tsaga irin tawa?"

Nazira ta sunkuyar da kai. Sai ta ja kunnen tsohuwar cikin ladabi. Ta ce bishiyar nan ta ƙwayoyi ce, ba ta mutane ba. Abin da ta nuna kawai shi ne ƙwayoyin tukunya biyu sun taɓa zama wuri ɗaya ba da daɗewa ba. Ta yiwu tukunya aka sayar, ta yiwu buhu ne ya yi yawo. Ta ce in Inna na so, bayan damina za ta koma Gazawa, sai ta nemi izinin matar. Batulu ta ce bayan damina na masu sauran shekaru ne. Sannan ta tambaya, cikin muryar da ba ta nuna komai ba, ko rassan nan sukan sake haɗewa a gaba. Nazira ta ce a irin wannan zane ba sa haɗewa, wanda ya rabu ya rabu. Ta bar mata takardar.

Kwana tara bayan haka Batulu ta kai awakinta gidan maƙwabcinta Yahaya, ta ɗaure ƙwaryar Tsohuwa a zane, ta hau kabu-kabu zuwa bakin kwalta. Ba ta taɓa wuce Maradi ba a rayuwarta. A tasha ta canza mota, ta shiga mai bi ta Cadawa da Agye. Ba su yi nisa ba wani mai babbar riga da ke gabanta ya ce a sauke gilashi, ya waiwayo ya tambaya ko Inna miyar ta taho da ita ko ita ce miyar. Motar ta yi dariya. Batulu ta ce masa in ya isa gida, shi zai roƙi matarsa ta ƙara masa a tuwo. Dariyar ta koma kansa. Daga nan ba wanda ya sake yi mata magana, ita ma tagar take kallo: gonakin gero da aka girbe, kututturan kara, rumbuna, garuruwan da ba ta san sunansu ba. Tana ta lissafin fuskar mace mai shekara hamsin da tara, tana kasa cire ƴar shekara goma sha tara daga ciki.

Ranar kasuwa ta isa Gazawa, da azahar. Ta tambayi layin masu kayan miya. Mata tara ne ke zaune da faifan daudawa a gabansu. Ta duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ba mai tsagar Gobir, ba wadda ta kai shekarun. Amma tun da ta zo, sai ta fara daga bakin layi: ta gaisa, ta ɗauki curi, ta ɓantara, ta kai hanci, ta ajiye. Ta farko kanwa ta yi mata yawa. Ta uku ba ta nuna ba. Ta biyar warin buhun taki ne a jikinta. A ta bakwai ba ta ma kai ga ɓantarawa ba. Warin rumfar uwarta ta ji, da hantsi, lokacin da ake ɗage Tsohuwa daga bakin tukunya.

Mai faifan ba za ta wuce shekara arba'in ba, doguwa, fuska ba tsaga. Batulu ta nemi hancin Mariyama ko goshin Idi a fuskar, ba ta samu ko ɗaya ba. Ta tambaye ta wa ya koya mata. Matar ta ce yau kuma, bara waccan wata malama da kwalabe, yanzu tsohuwa da tambaya. In saye za a yi a saya. Batulu ta sauke ɗaurinta. Ta durƙusa, ta kwance zanen, ta ɗaga faifan da ke bakin ƙwarya.

Matar ta dubi tsumman, ta dubi gefen da ba a kalmashe ba, ta dubi kumatun Batulu. Ta ce wa ta kusa da ita ta kula mata da kaya, ta miƙe ta ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, ta ce, "Inna, taho mu je gida."

Sunanta Tala. Kakanninta daga ƙasar Katsina suka tsallako, gidansu babba ne, a bayan tasha. Ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta kawo ruwa, sannan ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya. Suka shimfiɗa tsumma biyun gefe da gefe. Facin ya sha bamban, nan atamfa, can shadda, amma a tsakiya ratsin saƙin asali ya taho daga wannan ya shiga wancan ba karkata. Wancan gefen ma ba a kalmashe shi ba.

Tala ta ba da labari yadda ta san shi. Tana ƴar shekara tara wata mata ta zo garin ita kaɗai, a 1993, ta ce mijinta ya rasu a Kano, ƴaƴanta biyu ma ba su rayu ba. Mahaifin Tala ya ba ta ɗakin da ke kusa da turken awaki, don warin sana'arta. Ta ce sunanta Hadiza, amma gari Ta-Gobir yake ce mata saboda tsaga. Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin. Tala ta tashi tana taya ta daka, har ta iya. A daminar 2019 zazzaɓi ya kama ta, kwana biyar, ta cika. Kafin nan ta miƙa wa Tala ƙwaryar.

Hadiza shi ne sunan da aka raɗa wa Auta ranar suna. A Gidan Sori ba wanda ya taɓa kiranta da shi.

Batulu ta yi salati a hankali, ta yi wa mamaciyar addu'a, Tala ta amsa. Kaji suna tono a gefensu. Can Batulu ta tambaya ko ta taɓa ambatar garinsu. Tala ta ce in an tambaye ta, yamma kawai take cewa. Ko ta taɓa cewa tana da ƴar'uwa? Tala ta ga ba amfanin ƙarya ga mai furfura, ta ce ba ta taɓa ji ba. Cewa take yi ba ta da kowa.

Batulu ta gyaɗa kai. Ta fara linke nata rabin. Tala ma ta kama nata, tana kakkaɓewa, ta ce bari ta mayar da Yaya kada kaji su taka.

"Wa?"

"Yaya. Tsumman. Haka take ce masa, mu ma muka ɗauka. Tala, ɗauko mini Yaya. Tala, kada ki kuskura ki sa wa Yaya sabulu. In hadari ya taso, Yaya ake fara shigarwa kafin hatsi. Na zaci sunansa ke nan a can wajenku."

"A wajenmu Tsohuwa ake cewa."

Batulu ta daɗe tana kallon tsumman. Ba ta san da wace zuciya Auta ta sa masa sunan ba, ko kewa ce, ko gori ne da take yi wa kanta kullum safiya. Wadda za ta faɗa tana maƙabartar gabas da gari, inda mata ba sa shiga, kuma Tala ta ce ko maza yanzu ba za su iya nuna wurin ba.

Da Tala ta gane ko wace ce a gabanta, ta turo ƙwaryar gaban Batulu. Ta ce kayan gado ne, ita riƙo ta yi, ga mai shi ta zo. Matan gidan sun riga sun taru a bakin ɗakuna suna kallo, da wani dattijo ƙanen mahaifin Tala a kan kujera. Batulu ta dube su. Ba ko ɗaya da ya san abin da ya faru a bakin Gidan Sori. Duk da haka ta gyara zama, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ta ce ita ce yayar Hadiza, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ce ranar da ƙanwarta ta yanki wannan tsumma ta kira ta da mugun suna a gaban jama'a, kuma ƙarya ta yi mata. Rabonta ta ɗauka, na uwarta ne kamar yadda yake na uwar Batulu. Wanda ta ba, ta ba shi halal. Ta tura ƙwaryar ta koma gaban Tala.

Dattijon ya ce Allah ya gafarta musu baki ɗaya. Matan suka ce amin, suka koma ayyukansu.

Ta kwana biyu a ɗakin kusa da turken awaki, wanda yanzu buhunan wake ke ciki. Ranar komawa Tala ta kawo reza sabuwa, ta yanko ziri mai faɗin yatsa uku daga gefen Yaya, ta naɗe ta sa mata a ƙwarya. Batulu ta karɓi rezar, ta yanki daidai shi daga Tsohuwa da hannunta, ta ba ta. Tala ta raka ta tasha, ta sa aka rubuta mata lambar salula a takarda, ta ce in an yi sallah za ta zo ganin gari. Batulu ta ce Allah ya kawo ta, ba ta ɗora rai ba.

A Gidan Sori, cikin waɗanda suka tsaya rakiya a 1984, mutum ɗaya ya rage: Yusufu, wanda ya ja amalanken. Ya tsufa ƙwarai, kullum yana zaune a dakalin ƙofar gidansa. Washegarin dawowarta ta je ta durƙusa kusa da kunnensa mai ji, ta ce masa ta samo labarin Auta, ta rasu a Gazawa, kuma maganar da ta faɗa mata a ranar nan ta janye ta, ya zama shaida. Yusufu ya yi addu'a. Sannan ya tambaya wace Auta, ta gidan wa. Ta faɗa masa. Ya yi tunani, ya ce shekarar nan mutane da yawa ya kai bakin hanya.

Ta koma gida, ta kwance awaki ta ba su harawa. Ta zauna a rumfa da allura, ta jona zirin Yaya a gefen da reza ta bi, ta kalmashe bakin, ɗinki ƙanana a jere. Idonta ba kamar da ba, aikin ya kai ta har la'asar. Takardar Nazira tana liƙe a bangon ɗaki, da ɗan tsagin nan a bakin dogon reshe. Ta san abin da Malama ta ce game da rassa. Ta yi niyyar in ta sake zuwa da audugarta za ta gaya mata zancen jonin nan tun kafin ta goga, don kada malaminta ya sake cewa kwalabe ta haɗa.

Da safe ta ɗora gurguzu. Da yamma ta juye a tukunyar ƙasa, ta shimfiɗa tsumman a kai, ta danna gefunansa huɗu. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ta ɗage shi ta sunkuya. Warin bai sauya ba. Ta ɗago kai kamar za ta faɗa wa wani, sai ta ɗauki taɓarya ta jawo turmi.